Yaro ya yi wata huɗu yana tari da sarƙewar numfashi: ta ina ake gano dalili?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana shekararsa biyu da wata biyar. Yau wata huɗu ke nan yana tari, ƙirjinsa yana kuka, wani lokaci numfashi ya sarƙe masa, musamman da dare. Sau uku ana ce mana nimoniya ce, a yi masa allurai, ya ɗan samu sauƙi, bayan mako biyu abin ya dawo. Kakarsa ta ce sanyi ne, wasu kuma sun ce a kai shi a cire masa beli. Me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, maman yaro. Sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya.

Nimoniya ta yau da kullum, idan aka ba ta maganin da ya dace, zazzaɓi da saurin numfashi suna lafawa cikin 'yan kwanaki, ko da ɗan tarin zai ja mako biyu ko uku. Yaron da aka yi wa maganinta sau uku cikin wata huɗu, ɗaya cikin biyu ne: ko dai tun farko ba ita ba ce, ko kuma akwai wani abu a ƙasa da yake ta janyo ta. Ƙa'idar likitocin yara ita ce, nimoniya sau biyu a shekara ɗaya, ko sau uku a tsawon rayuwar yaro, ko tarin da ya wuce kwana 14, ya isa a tsaya a nemi musabbabi. Ɗanki ya wuce wannan iyaka tuntuni. Abin da yake bukata yanzu bincike ne a wurin likitan yara, kada a sake komawa kan alluran da aka riga aka gwada sau uku.

Kafin maganar bincike, ki san alamomin da ba a kwana da su a gida. Ki ɗaga rigarsa lokacin da yake kwance a natse, ba yana kuka ba, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur da agogon waya. A shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa wata 11, iyakar 50 ce, jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa 60. Ki dubi ƙasan haƙarƙarinsa: idan yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, huhun yana shan wahala. Idan ya kasa shan ruwa ko nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko ya galabaita har ba ya farkawa sosai, ko leɓensa da harshensa sun canza launi sun yi duhu, asibiti za a nufa a lokacin, ko da tsakar dare ne. A can za a maƙala masa 'yar na'ura a yatsa a auna iskar oksijin ta jininsa, ƙasa da kashi 90 cikin ɗari kuwa sai an kwantar da shi an sa masa oksijin.

To, shi binciken da tambayoyi yake farawa, kuma mafi yawan amsar tana bakinki. Tambayar farko da ya kamata a yi miki: yaya abin ya fara a ranar farko? Da mura da zazzaɓi ya lallaɓo, ko kuwa lafiyarsa ƙalau yana wasa ko yana cin wani abu, sai kawai ya ƙware, ya dinga tari har idanunsa suka yi ja? Ki tambayi duk wanda yake tare da shi a wancan lokaci, har yayyensa da 'yar raino, domin sau da yawa su ne suka gani suka yi shiru don tsoron faɗa.

Na tsaya a kan wannan ne saboda shekarun ɗanki su ne daidai shekarun da yara suke shaƙar abu ya faɗa hanyar numfashi. Yaron da bai kai uku ba turamensa ba su gama fitowa ba, ba ya iya niƙe abu mai tauri, ga shi yana ci yana gudu yana dariya. Gyaɗa ce kan gaba, sai aya, gurjiya, ƙwayar masara, wake, ƙwallon kankana, duwatsun ado na kitso da murfin biro. Abin da yake yaudarar iyaye da ma'aikatan lafiya shi ne, bayan ƙwarewar farko tarin yakan lafa na kwanaki ko makonni, kowa ya manta. Ita kuwa gyaɗar tana nan maƙale a reshen hanyar iska, galibi na dama, man da ke cikinta yana kumbura wurin, majina tana taruwa a bayanta tana ruɓewa. Sai a ga nimoniya. A ba da magani ƙwayoyin cutar su mutu, yaro ya ji sauƙi, amma toshiyar tana nan, bayan mako biyu a koma gidan jiya. Likita mai lura zai ji kukan ƙirjin a gefe ɗaya ne kawai, ko iska ba ta shiga gefe ɗaya sosai. Kada a dogara da hoton ƙirji a nan: ƙarfe yana fitowa a hoto, gyaɗa da roba ba sa fitowa, kuma hoton yana iya zama garau alhali abin yana ciki. Idan labarin ƙwarewa ya tabbata, hanya ɗaya ce: a sa wa yaro maganin barci, a zura siririn bututu mai fitila a leƙa hanyar numfashin, a ciro abin. Ana yin wannan a manyan asibitocin koyarwa, a sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Jinkirin watanni yana iya lalata wannan ɓangare na huhu har abada.

Abu na biyu shi ne irin sautin. Iyaye sukan ce "ƙirjinsa yana kuka", amma sauti iri-iri ne, kowanne da wurin da yake fitowa. Siririn fito kamar na usur, wanda ya fi fitowa lokacin da yake fitar da numfashi, daga ƙananan hanyoyin iska na cikin huhu yake, shi ne irin na asma. Ƙara mai kaushi lokacin jan numfashi daga maƙogwaro take. Idan jariri ne ya fara ta tun makonnin farko, tana ƙaruwa in ya kwanta rigingine ko yana shan nono, galibi laushin guringuntsin maƙogwaro ne, wanda yawanci yake gyaruwa da kansa kafin shekara biyu muddin yaro yana ƙara nauyi. Gurgurar majina da za ki ji a tafin hannunki idan kin dafa bayansa, ita kuma kaki ne a manyan hanyoyin iska. Sai minshari da barci baki buɗe, da tsayawar numfashi na 'yan daƙiƙu cikin barci sannan ya zabura, wannan yana nuna kumburin naman bayan hanci ko na gefen maƙoshi. Tunda abin da dare ya fi tashi, da safe kuma a gaban likita yaro ya yi garau, ki ɗauki bidiyonsa da waya lokacin da abin ya motsa, ƙirji a buɗe, wayar kusa da bakinsa. Minti ɗaya na irin wannan bidiyo ya fi dogon bayani amfani.

Yadda kika kwatanta, tari da fito cikin dare, ya tafi ya dawo, asma tana cikin manyan abubuwan da za a yi zato, kuma ita ce aka fi rikita ta da nimoniya, domin dukansu suna kawo saurin numfashi da lotsawar haƙarƙari. Abubuwan da suke ƙarfafa zatonta: yana tari idan ya yi gudu ko dariya ko kuka, ƙura da hayaƙi da sanyin asuba suna tayar masa, tsakanin tashi da tashi yana warwarewa ya ci ya yi wasa, ba kullum da zazzaɓi ba, kuma akwai mai asma ko yawan atishawa ko ƙaiƙayin fata a iyaye ko 'yan'uwa. Gwajin busa na'ura da ake yi wa manya ba ya yiwuwa sai yaro ya kai kamar shekara biyar ko shida. Don haka a wannan shekaru magani ne gwajin. Lokacin da yake cikin sarƙewar, ma'aikacin lafiya zai ƙirga numfashinsa, ya ba shi salbutamol na shaƙa feshi biyu, a jira minti 15 zuwa 20, a maimaita har sau uku idan da bukata, sannan a sake ƙirgawa. Idan numfashin ya sauka, fiton ya ragu, an samu babbar shaida. Idan tashin yana yawaita, likita zai ɗora shi a kan inhela ta kariya da ake shaƙa kullum na wata biyu zuwa uku, sannan a duba bambanci. Wani lokaci a dakatar a gani ko zai dawo, domin yara da yawa masu fiton ƙirji bayan mura suna daina shi kafin su shiga firamare.

Wannan gwaji yana yawan lalacewa ta hanyar yadda ake ba da maganin. Yaro ɗan shekara biyu ba zai iya haɗa jan numfashi da danna inhela ba. Idan aka fesa masa kai tsaye a baki, maganin a harshe da maƙoshi yake tsayawa, sai a ce bai yi aiki ba. Dole sai da mazubin da ake haɗawa tsakanin inhela da fuskar yaro. Idan ba a samu na kanti ba, ana yin sa da gorar roba mai rabin lita: a wanke ta da sabulu a bar ta ta bushe da kanta ba tare da gogewa ba, a huda gindinta daidai girman bakin inhela yadda zai shiga ya matse, a yanke saman gorar a yi ɗan gurbi inda hanci zai zauna, a lausasa gefen yankan don kada ya ji masa ciwo. A girgiza inhela, a rufe hanci da baki da gorar yadda iska ba za ta zurare ba, a danna sau ɗaya, a bar shi ya yi numfashi biyar ko shida, sannan a sake girgizawa a danna na biyu. Ki roƙi ma'aikacin lafiya ya nuna miki a jikin yaron, ke ma ki yi a gabansa ya gani. Salbutamol na ruwa da ake sha da cokali yana jinkirin aiki, yana kawo rawar jiki da bugun zuciya, bai kai na shaƙa ba. Maganar da ake yi cewa wanda ya fara inhela ba ya rabuwa da ita, ba ta da tushe.

Sai dai ban yarda a tsaya a kan asma ba sai an kawar da zaton tarin fuka. A nan ma akwai ruɗanin suna, domin a wasu gidajen asma ake kira fuka, a asibiti kuwa tarin fuka yana nufin tibi, cuta ce daban mai ƙwayar cuta da ake ɗauka ta iska. Idan ana miki bayani, ki tabbatar wacce ake nufi. Tibi a ƙaramin yaro ba ta zuwa da tarin jini irin na manya. Tari ne da ba ya tafiya ba ya dawowa, yana nan kullum, da zazzaɓi sama-sama fiye da mako biyu, da rashin kuzarin wasa, da rama ko tsayawar nauyi, wani lokaci da kaluluwa a wuya. Tana iya kawo fito ma, idan kaluluwar cikin ƙirji ta danne hanyar iska. Yaro daga babba yake ɗauka, saboda haka ki yi tunani da kyau: cikin shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, akwai wanda ya daɗe yana tari a gidan ko maƙwabta, kaka, kawu, mai aiki, almajirin gida, ko wanda ya rasu bayan doguwar jinyar tari? Kada kunya ta sa a ɓoye wa likita wannan. Katin awonsa shaida ne babba: layin nauyin da ya tsaya wuri ɗaya ko ya sunkuya cikin wata uku ya fi kowane bayani.

Ƙaramin yaro ba ya tofar da kaki, haɗiye shi yake yi. Shi ya sa ake zuƙo ruwan cikinsa da siririn bututu ta hanci da sassafe kafin ya ci komai, ko a karɓi kashinsa, a sa a na'urar GeneXpert mai gano ƙwayoyin tibi. Ana kuma yin gwajin fata na Mantu, a karanta bayan awa 48 zuwa 72: kumburin da ya kai milimita 10 ana ɗaukarsa shaida, milimita 5 kuma ya isa a yaro mai tamowa mai tsanani ko mai ƙanjamau. Abin lura shi ne ƙwayoyin tibi kaɗan ne a jikin yara, gwaji yana iya cewa babu alhali akwai. Likita yana da hurumin fara magani idan tarihin cuɗanya da alamomi da hoton ƙirji suka haɗu. Magani kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati, wata shida ne galibi, wata huɗu ga wasu yaran da cutar ba ta yi tsanani ba, kuma sauran yaran gidan 'yan ƙasa da shekara biyar ana duba su a ba su na kariya.

Akwai kuma abin da yake shiga huhu daga abinci. Yaron da yake tari ko ƙwarewa duk lokacin cin abinci ko shan ruwa, ko muryarsa ta yi gurgura bayan ya sha, wani abu yana zurarewa hanyar iska. An fi ganin haka a yaran da suka sha wahala wajen haihuwa ko suke da jinkirin zama da tafiya. Ɗura ma tana yin wannan ɓarna ga yaro mai lafiya: a kwantar da shi a cinya, a toshe hanci, a tura koko da tafin hannu yana kuka, to duk jan numfashin da ya yi a tsakiyar kukan nan yana iya tafiya da kunu cikin huhu. Idan ana yi masa, a daina yau, kuma a gaya wa likita.

Zuciya ma a duba ta. Yaron da aka haifa da huda a zuciya jini yana yi wa huhunsa yawa, sai ya riƙa saurin numfashi ko ba ya ciwo, yana gumi a goshi lokacin shan nono, yana tsayawa ya huta, ba ya ƙiba, ga nimoniya a kai a kai. Likita zai saurari zuciyar, in ya ji wani sauti ya tura hoton zuciya na eko. Gwajin jini kuma abu uku nake so a nema: yawan jinin, domin ƙarancin jini daga maleriya ko rashin abinci mai gina jiki yana sa haki, gwajin sikila, in ba a taɓa yi ba, da gwajin ƙanjamau, wanda ake yi wa duk yaron da ciwon ƙirji ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ba don ana zargin kowa ba.

Idan tarin mai kaki ne kullum fiye da mako huɗu, yaro kuma yana ci yana girma, wani lokaci ƙwayoyin cuta ne suka zauna a hanyoyin iska, kuma maganin kwana uku ko biyar ba ya fitar da su, sai an yi mako biyu zuwa huɗu ana shan wanda likita ya zaɓa. Amma idan tarin ya samo asali ne bayan ƙyanda ko tarin shiƙa ko nimoniya mai tsanani, ga kan yatsunsa sun fara kumbura farcen ya lanƙwashe, ana tsoron hanyoyin iskar sun buɗe sun lalace, sai an yi hoton siti sikan. Ki duba katin rigakafinsa ki ga ko ya samu na haihuwa, da na mako 6, 10 da 14, da na ƙyanda a wata tara.

Game da hoton ƙirji, kada ki yar da ko ɗaya, kuma fim ɗin kansa ake so, ba takardar sakamako kaɗai ba. Jera su bisa kwanan wata yana faɗin abin da hoto ɗaya ba zai faɗa ba. Idan tabon a wuri ɗaya yake dawowa, akwai abin da ya toshe wurin: abin da aka shaƙa, kaluluwar tibi, ko wata halitta da aka haife shi da ita. Idan yau dama gobe hagu, sai a karkata ga asma, zurarewar abinci, zuciya, sikila ko raunin garkuwar jiki. Yana da kyau a sake hoto mako huɗu zuwa shida bayan gama magani, lokacin da yaro yake cikin sauƙi, a ga ko tabon ya goge.

Abin da Kaka ta ce game da sanyi akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin iskar hunturu da ƙurarta suna tayar da tari ga mai asma. Amma sanyi yana tayarwa ne kawai, ba shi ne tushen ba, kuma yadda ake maganinsa a gida yakan ƙara dagula lamarin: a rufe taga ruf, a shigo da kaskon gawayi, a kunna turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi, yaro ya kwana yana shaƙa. A fitar da waɗannan daga ɗakin da yake kwana, a koma gidan sauro. Kada a goya shi a bakin murhun icce, kada a yi shara yana wurin sai an yayyafa ruwa, janareto ya yi nesa da taga, mai shan taba kuma ya sha a waje.

Beli kuwa, don Allah kada a taɓa shi. Kowane mutum da shi aka halicce shi, ba ya kawo tarin wata huɗu, kuma yanke shi yana jawo zubar jini, shaƙar jinin cikin huhu, da ciwon tetanus ko wata cutar daga aska, balle ga yaron da numfashinsa yake da matsala tun asali. Haka nan ki kiyayi ƙwayoyin nan na dexamethasone da prednisolone da ake bayarwa a kemis. Suna kwantar da fito nan take, shi ya sa ake son su, amma shan su a kai a kai yana kumbura fuska, yana hana tsawo, yana raunana garkuwar jiki, idan kuma tibi ce a ƙasa sai ta bazu. Magungunan tari na kwalba ba su da amfanin kirki ga ɗan shekara biyu, mai kodin a ciki kuwa haɗari ne gare shi. Ƙaramin cokali na zuma da ruwan ɗumi ya fi su, tunda ya wuce shekara ɗaya.

Ranar da za ku je wurin likitan yara, ki tafi da katin awo da na rigakafi, da duk hotunan ƙirji, da kwalabe da kwalayen magungunan da ya sha ko da sun ƙare, da bidiyon dare. Daga yau har ranar, ki samu takarda ki riƙa rubuta daren da ya tashi da tari, abin da yake yi kafin ya fara, ko da zazzaɓi, da adadin numfashin da kika ƙirga. Idan akwai babba mai tari a gidan, ku tafi tare a gwada kakinsa a rana ɗaya.